Har Yaushe Zai Kwana Da Takalmin Nan? Nazarin Lamarin Wani Yaro A Kano

Kwanansa 12 a duniya aka fara kawo mana shi, lallen suna bai gama fita daga hannun uwar ba. Haihuwar fari ce, tana wankan gida a Gwammaja, don haka ita da yayarta suka zo. Yayar ce ke rungume da jaririn, ita ce kuma ke amsa duk tambayar da muka yi. Uwar ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. "Yaron nan" take cewa, ni ma haka zan kira shi a wannan rubutu.

Ina aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a cikin birnin Kano, ɓangaren da ake duba yaran da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa. Na bi lamarin yaron nan tun daga wannan rana har ya kusa shekara 5. Na zaɓi in rubuta nasa ne saboda sau biyu aka tsaya a kan tambaya guda: yaushe za a daina sa masa takalmin dare? Karon farko a gida aka yanke hukunci, ba da saninmu ba. Karo na biyu tare muka zauna.

Gyaran ƙafar

Ƙafafunsa duka biyu a murɗe suke. Tafin kowace ya juya ciki yana kallon ɗan'uwansa, yatsu sun nufi ƙasa, dunduniya ta ɗage sama kamar an ja ta da igiya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kusan jariri 1 cikin 1,000 haka ake haihuwarsa, maza sun ninka mata, kuma wajen rabinsu ƙafa biyu abin ke shafa. Muna auna tsananin murɗewar da ma'aunin likita Shafique Pirani, wanda ke duba alamomi shida ya ba da maki daga 0 zuwa 6. Ƙafar dama ta yaron ta sami 5. Ta hagu ta cinye 6 ɗin cif, ga ta gajera, ga tauri a hannu. Wannan bambanci bai rabu da mu ba har ƙarshe.

Hanyar da muke bi ita ce ta Ignacio Ponseti, likitan ƙashi ɗan asalin Sifaniya da ya yi rayuwar aikinsa a Jami'ar Iowa ta Amurka, ya rasu a 2009 yana da shekara 95. Duk mako ana lallaɓa ƙafar da hannu, a juya ta waje kaɗan, sannan a naɗe ta da siminti daga yatsu har cinya, gwiwa a lanƙwashe don kada simintin ya zame. Yaron nan ya yi siminti shida. Bayan na shidan likita ya ɗan tsaga jijiyar agara da bakin ƙaramar wuƙa don dunduniya ta sauka, kamar yadda ake yi wa mafi yawan irin waɗannan yara, aka sa siminti na ƙarshe na mako 3. Bai cika wata 3 ba aka kwance shi, ƙafafu sumul, duk wanda ya gani sai ya ce dama haka aka haife shi.

Yayar uwar ta yi ta hamdala, tana tattara zannuwa za su tafi. Na ce mata ta zauna tukuna, yanzu za a fara aikin.

Takalmin

Takalma biyu ne masu buɗaɗɗen baki, an kafa su a kan sandar ƙarfe mai faɗin kafaɗun yaro, kowane an juya shi waje wajen digiri 70. Irin wanda muka ba shi shi ne samfurin da Michiel Steenbeek, ɗan ƙasar Holan, ya ƙirƙira a Yuganda da fata da ƙarfen da ake samu a kasuwa, don iyaye marasa ƙarfi su iya saye. Ƙa'idar sa shi kuwa, wata 3 na farko awa 23 a yini, ba a cirewa sai lokacin wanka. Daga nan sai a koma barcin dare da na rana, awa 12 zuwa 14, har yaro ya kai shekara 4, wasu likitocin su ce 5.

Takalmin nan ba ya gyara komai. Siminti ne ya yi gyara, shi gadi kawai yake yi. Abin da ya murɗe ƙafar tun a ciki bai mutu ba ranar da aka kwance siminti: jijiyoyin da ke gefen ciki da bayan idon sawu masu kauri ne, masu ɗaurewa, ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙashi idan yana girma. Ƙafar yaro kuwa ba ta taɓa girma da sauri irin na shekarun farko. Kafin ya shekara 2 ta riga ta kai rabin tsawon da za ta yi idan ya zama magidanci. Ƙashi na miƙewa, jijiya na ja baya, in ba abin da ke riƙe ƙafar a waje kowane dare sai ta bi jijiya. Kowa ya san ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai lanƙwasa kan sanda zai gaya maka ba ranar da ya tanƙwara yake kwance igiyar ba, sai icen ya bushe a haka.

Shekara 4 ɗin ma ba daga sama ta faɗo ba. A rahoton da Ponseti ya fitar a 1963, lokacin da yara ke kwana da takalmi na kimanin shekara 2 kacal, fiye da rabin ƙafafun da ya gyara sun sake karkacewa, sai da aka koma musu. Daga irin wannan aka riƙa tsawaita lokacin. Alƙaluman da suka fito daga Iowa daga baya sun nuna cewa a gidajen da aka riƙe takalmi yadda aka ce, kusan kashi 6 cikin 100 ne ƙafar ta koma, a gidajen da aka yi sakaci kuwa abin ya haura kashi 80. Haɗarin ya fi yawa a shekara biyun farko, ya ragu a ta uku, bayan ta huɗu ya faɗi ƙwarai, ko da yake bai ɓace gaba ɗaya ba.

Kano ba ta rasa wurin kai irin wannan yaro ba. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga wasu. Samun wanda zai naɗa siminti ba shi ne mai wuya ba. Mai wuya shi ne dare kusan 1,400 da za a yi ana ɗaure wa yaro ƙafa a ɗaki, babu likita, babu nas, sau da yawa babu wuta.

Uwar yaron nan ta riƙe amana. Daren farko zuwa na uku kwana ya yi yana tsala kuka, don ya saba harba ƙafa ɗaya-ɗaya, yanzu kuwa sai dai biyun tare. Muka nuna mata ta riƙa kama sandar tana lanƙwasa masa gwiwoyi tana miƙewa kamar wasa, cikin mako ya gane. Goyo ya zama aiki. A cikin adaidaita sahu mata su yi ta leƙe suna "wayyo, me ya same shi?" Da bazara ta shigo, gumi ya jiƙa safa, dunduniyar hagu ta yi ja, ta zo da shi ba ranar ganin likita ba, abin da ya burge ni ƙwarai, da yawa cirewa suke yi su yi shiru. Muka sauya masa safar auduga, muka nuna mata ramin da ke bayan takalmin inda za ta leƙa ta tabbata dunduniya ta zauna daram kafin ta ja maɗauri. Akwai lokacin da sandar ta karye, uban ya kai wa wani mai walda a unguwa ya liƙe ta, sai dai ya miƙar da takalman suna kallon gaba, a ganinsa ya gyara kuskure. Mun gano a zuwa na gaba, muka sauya. Ya yi rarrafe a kan lokaci, ya taka yana wata 15.

Inda aka yanke hukuncin farko

Yana wata 21 uwar ta sami ciki, aka yaye shi, aka kai shi wurin kakarsa ta wajen uba a Kurna. Uwar ta sa takalmin a cikin jakar kayansa, ta yi wa ƙanwar mijinta bayanin yadda ake ɗaurawa. Kakar ba ta taɓa taka asibitinmu ba. Duk zirga-zirgar siminti an yi ta ne lokacin wankan gida, dangin uwa suka sha ta. Ita labari kawai take ji.

Daren farko an ɗaura masa. Ga kukan nono, ga kukan baƙon wuri, ga ƙarfe a ƙafa. Tsakar dare Hajiya ta tashi ta kwance. Da safe ta zuba masa ido yana bin kaji a tsakar gida da gudu, ƙafafu a miƙe, ta ce, kamar yadda aka maimaita mini daga baya: "Maigidana ya warke sarai. Wane laifi ya yi da za a riƙa kwana da shi a mari?" Aka ɗora takalmin a kan sif.

Ban taɓa ganin laifin tsohuwar nan ba, har yau. Duk abin da idonta ya nuna mata gaskiya ne. Yaron yana gudu, ƙafar a miƙe take, takalmin kuma, in mutum bai san amfaninsa ba, da mari ya yi kama, kuma kowa a garin nan ya san wa ake sa wa mari. Abin da ido ba ya nunawa shi ne ƙafar ta miƙe ne saboda takalmin daren jiya da na shekaranjiya.

Yayen da aka ce mako biyu ya zama wata huɗu, don uwar na fama da laulayi. Ta yi zargin ba a sa masa, amma ta yaya? Ɗan fari ne, a gidan surukarta yake. Ta buɗe baki ta tambayi Hajiya ko ana ɗaura wa yaron nan takalmi, sai a ce ba ta da kunya, tana nuna son ɗa, tana kuma tuhumar uwar miji. Ta faɗa wa mijin sau ɗaya a fakaice, ya ce zai duba. Ya je ya ga takalmin a kan sif, ya ga ɗansa na tsalle, ya kasa ɗaga wa mahaifiyarsa maganar.

Nan ne nawa kason yake. Ranar zuwansu ta wuce ba su zo ba, na kira uban a waya. Na ce yaya yaro, ya ce lafiya ƙalau, yana ta gudunsa. Na ce takalmi fa, ya ce yana nan. Na rubuta a kati na ajiye. Takalmin kuwa yana nan ɗin, a kan sif. Ban tambaye shi a ina yaron ke kwana ba, ban tambayi wa ke kwantar da shi ba, alhali na san shekarun yaye ne, na kuma san al'adarmu. Da na yi wannan tambaya guda, da wata uku cikin huɗun nan ba su salwanta ba.

Uwar ce ta gano, bayan an dawo mata da shi yana wata 25. Ta ga silifas ɗinsa na hagu ya cinye ta gefen waje, na dama kuwa lafiya. Ta kuma lura idan ya tsuguna a fo, dunduniyar hagu ba ta taɓa ƙasa. Ta gwada sa masa takalmin, ƙafar ta ƙi zama. Washegari suka zo.

Da na tura tafin dama sama, ya tafi wajen digiri 20 ba gardama. Na hagu da ƙyar ya kai daidai, ya tsaya cak, dunduniyar kuma ta fara kwantawa ciki. Haka komawar ke farawa kusan kullum: agara ce ke fara ɗaurewa, sauran su biyo baya. Uban ya ce to a mayar da takalmin mana, ko da awa 23 ɗin ne. Na ce ba zai yiwu ba. Ƙafar da ta koma ba a cusa ta a takalmi, ciwo kawai za ta ji, fata ta sale, yaro ya tsani abin har abada. Sai an koma siminti.

Siminti uku ya yi a ƙafar hagu, kowane na mako 2. Jariri ɗan kwana 12 bai san an ɗaure shi ba. Yaron da ya ɗanɗana gudu ya sani. Mako shida yana jan jiki a tabarma yana kallon yara ta ƙofa, uwar da tsohon ciki tana ɗagawa tana saukewa, uban yana rufe rumfarsa a Kantin Kwari duk ranar sauyi. Allah ya taimaka ƙafar ta saki har digiri 15, likita ya ce ba sai an sake taɓa agara ba.

Kafin a kwance na ƙarshe na roƙi uban ya zo mini da Hajiya. Ta zo, fuska ba walwala. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta ce: "'Yar nan, ku ma'aikatan asibiti ba ku san tausayi ba. Yaro ya warke, ku ce sai ya kwana a ɗaure."

Ban yi mata dogon turanci ba. Na ce uban ya buɗe wayarsa ya nuna mata hoton ƙafafun ranar suna, wanda ashe ba ta taɓa gani da kyau ba, don a naɗe ake kawo mata jaririn. Ta daɗe tana kallo. Da aka kwance simintin na ce, "Hajiya, ki kama ƙafar nan ta dama ki tura sama. Yauwa. To kama ta hagu." Matar da ta raini 'ya'ya da jikoki, ta yi wa jarirai wanka da gashi ba adadi, hannunta ya fi bakina iya bayani. Ta tura, ta sake turawa, ta ce: "Wannan tana da gardama." Na ce mako shida da suka wuce ko motsi ba ta yi.

Ta yi shiru, can ta ce, "To har yaushe?"

Na ce, "Har ya shekara huɗu, Hajiya, in an yi kaɗan."

Ta ƙirga da yatsu. "Azumi biyu ke nan a gaba." Na ce haka ne.

Daga ranar ita ta zama mai gadin takalmin. Yaro ɗan shekara 2 da 'yan watanni ya iya cewa ba na so, ya kuma iya kwance maɗauri, uwar ta rasa yadda za ta yi da shi. Hajiya ce ta samo dabara. An taɓa ɗora shi a kafaɗa ya ga Hawan Daushe, tun daga nan ba shi da zance sai doki. Ta ce masa wannan ba takalmi ba ne, likkafa ce, kuma duk mahayin kirki da ƙafarsa a likkafa yake kwana. Bayan sallar isha'i a ɗaura likkafa, a yi ga ta nan ga ta nanku, kafin a kai ƙurunƙus ya yi barci. Duk gidan da zai kwana, nata ko na iyayensa, likkafa na cikin jaka.

Zama na biyu

Sati guda bayan ya cika shekara 4 suka zo su huɗu: uba, uwa, Hajiya da shi. Uban ya ajiye takalmin a kan tebur ya ce, "Malama, an cika alkawari."

Na duba shi tsaf, likita ma ya duba. Ƙafar dama ba abin cewa. Ta hagu tana ɗaguwa digiri 10, ba laifi amma ba yalwa. Muka sa shi ya yi tafiya a baranda, ya dawo da gudu. A tafiya ba a ganin komai. A gudu, duk lokacin da ya ɗaga ƙafar hagu sai tafin ya ɗan kifu ciki kafin ya sauka, ko da yake yana sauka a kan tafin sosai. Wannan alama ce ta cewa jijiyar gaban ƙwauri, mai ɗaga ƙafa tana janta ciki, ta fi ƙarfin masu janta waje.

Babu gwajin jini, babu hoton ƙashi da zai ce yau ne ranar da ƙafa ta daina neman komawa. Shekaru ake dubawa, a duba ƙafar, a duba tarihinta. Da ƙafar dama kaɗai yaron nan yake da ita, da a ranar na ce a tafi da takalmin gida a ajiye. Ta hagu kuwa duk abin da ke sa a yi taka-tsantsan ya taru a kanta: ita ce mai maki 6 tun farko, ita ce gajera mai tauri, ta taɓa komawa sau ɗaya, kuma a cikin shekara huɗun da ake ƙirgawa akwai wata huɗu da ba a sa komai ba, a daidai lokacin da ƙafa ke tsakiyar girma.

Amma ɗaya ɓangaren ma ba wasa ba ne, kuma ba na son masu aikinmu su riƙa yin kamar babu shi. Yaron ya shiga islamiyya, ya fara sanin kunya. 'Ya'yan baffanninsa in sun zo kwana suna yi masa dariya, zancen likkafa ya fara daina ci. Fitsari na kama shi da dare, ba ya iya tashi ya taka da sanda a ƙafa, sai ya tashi uwar, in ta makara ya jiƙa shimfiɗa, ga ƙanwarsa ƙarama ita ma tana neman uwar. Sannan ga alkawari. Shekara biyu ana gaya wa yaro da tsohuwa "in ya shekara huɗu". Na ce "in an yi kaɗan", gaskiya ne, amma ba wannan kunne ya riƙe ba. Idan mutane suka ga kullum ana matsar da ranar, sai su daina yarda da duk abin da za a faɗa musu, har da ranar dawowa dubiya.

Uban ya kawo shawara biyu, kuma dukansu masu hankali ne. Ta farko, tunda dama ta warke, a cire mata a bar hagu. Na nuna masa a kan takalmin: sandar da ƙafa ɗaya take dogara ta riƙe ɗayar a waje, in ka cire ɗaya babu abin da zai hana ɗayar juyawa. Shi ya sa ko yaron da ƙafa ɗaya ce ta murɗe, biyun ake sa wa, sai dai a rage juyin mai lafiyar zuwa digiri 30 ko 40. An gwada takalman ƙafa ɗaya a wurare daban-daban, ba su riƙe gyara kamar mai sanda ba. Ta biyu, a riƙa sawa yau a huta gobe. Wannan ni ce na ƙi, kuma daga abin da na gani a gidaje ne, ba daga littafi ba. Ranar da yaro ya gane akwai daren da ba a sawa, kowane dare ya zama na ciniki, cikin wata guda sai ka tarar ana sawa sau ɗaya a mako. Gara a rage awoyi a bar dare a cike. Dama ya daina barcin rana, don haka abin da ya rage awa 10 ne na dare.

Likita ya kawo hanya ta uku don su san da ita. In kifewar nan ta ƙaru, akwai aikin da ake yi wa yaran da suka haura shekara 2 da rabi zuwa 3, lokacin da ƙashin tsakiyar ƙafa ya yi ƙwari: a ciro jijiyar gaban ƙwaurin daga inda ta kama a gefen ciki, a dasa ta a tsakiyar bayan ƙafa, ta riƙa ɗagawa a miƙe. Aiki ne mai kyau, yana kuma raba yaro da takalmi. Amma tiyata ce, da maganin barci, da siminti na mako 6, da kuɗi. Ya ce a yadda ƙafar take a ranar, bai ga dalilin yanka ba.

Ni ra'ayina a fili na faɗe shi: a ci gaba har shekara 5. Na auna wahalar wata goma sha biyu na dare da wahalar siminti karo na uku ko tiyata, na ga ba su yi kusa ba. Likita ya fi ni sassauci, ya ce a ci gaba amma a riƙa dubawa duk wata 3, ƙafar ta faɗi nata. Uban ya jingina da kujera, alamar bai gamsu ba. Hajiya tana kallon jikanta.

Sai uwar ta yi magana. Shekara huɗu ina ganinta, ban taɓa jin ta ɗaga murya a kan yaron nan a gaban kowa ba, balle a gaban surukarta. Kanta a ƙasa ta ce: "A bar shi ya ƙara. Ni na ɗauke shi da simintin nan na biyu. Tashin dare ba komai ba ne."

Ɗakin ya yi tsit. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ta faɗi gaskiya." Ta juya wurin yaron: "Maigida, an ƙara maka wa'adi. Ni zan gaya maka ranar saukowa, ba su ba."

Abin da aka tsayar ke nan. Takalmi kowane dare, awa 10. Fo a gefen katifa, a rage shan ruwa bayan isha'i. Safe da yamma ya tsuguna dunduniya a ƙasa yana ƙirga ashirin, ya yi tafiya a kan dunduniya daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya, uwar kuma ta tura masa tafin sama a hankali kafin a ɗaura. Dubiya duk wata 3. Muka kuma yi musu iyaka da za su iya gani da idonsu: takalmin da ke ƙafarsa shi ne na ƙarshe in dai ƙafar ba ta ja baya ba, ranar da yatsu suka zarce bakinsa, za a zauna a yanke.

A dubiya ta farko digiri 10 ɗin na nan. A ta biyu ya ɗan ƙaru, kifewar gudu kuma sai ka sa ido sosai kafin ka gan ta. Yana shekara 4 da wata 9 yatsun suka leƙo waje har suna lanƙwasawa a bakin fata. Muka auna, hagu ta kusa digiri 15, dunduniya a tsaye, silifas ɗinsa biyu sun cinye daidai wa daida. Ni da na so a kai 5 cif, na duba wata ukun da suka rage, na duba kuɗin sabon takalmi da kuma alkawarin da muka ɗauka karo na biyu, na ce na yarda. Likita ya rubuta a daina.

Na yi wa iyayen bayanin abin da ba zai sauya ba, don kada ya tsorata su: ƙafar hagu za ta ci gaba da zama ƙarama kaɗan, sha-raɓarta siririya, wannan ba komawa ba ne kuma ba zai hana shi ƙwallo ba. Abin da za su sa wa ido shi ne dunduniya a tsugune, da gefen takalmi, da tafiya a kan yatsu. Za mu riƙa ganinsa duk wata 6, daga baya shekara-shekara har ya gama girma, don akwai ƙafar da ke tashi da gardama lokacin da yaro ya yi tsawo farat ɗaya. A katin kowane jariri da ke zuwa yanzu na ƙara layi biyu da hannuna, wa zai yaye shi, a wane gida, kuma kafin yaro ya kai wata 18 nakan nemi a kawo mini wannan matar ta kama ƙafar da hannunta.

Hajiya ce ta kwance masa a daren ƙarshe, kamar yadda ta ce. Bayan mako biyu ta aiko uban da takalmin a leda, ta ce a cire sandar a sa wa wani. Ya ce mini har yanzu in yaron ya yi barci ƙafafunsa a ware suke, yatsu na kallon waje, faɗin kafaɗa. Ranar dawowarsu bayan Babbar Sallah ce, na kuma ce su zo mini da tsohon silifas ɗinsa, ba sabon na Sallah ba.